Ranar da Yaya Ta Duba Jikanta

Shekara goma sha tara ina zaune a bakin ƙofar ɗakin hoton ciki. Aikina kiran lamba, rubuta kati, da yi wa mata faɗa su sha ruwa kafin su shiga. Ba ni da ilimin likita, kuma ba na yi wa kowa ƙaryar ina da shi. Amma duk wanda ya daɗe haka a bakin ƙofa ɗaya ya san wadda ta fito da dariya, ya san wadda ta fito tana laluben bango. Ta cikin ɗakin kuwa, mai riƙe da na'urar, ita ce muke ce wa Yaya. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Duk asibitin haka ake kiran ta, har likitocin da suka girme ta.

Gajera ce mai jiki, kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka saboda shekara talatin tana danna cikin mutane. Da tura keken marasa lafiya ta fara. Mijinta direban babbar mota ne, ya fita wata safiya bai dawo ba, ya bar mata yara uku: maza biyu da mace ɗaya, Auta. A cikin bas ta yi yawancin karatunta, littafi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a jikin ƙarfe. Na'urar da ta koyi aiki da ita, allonta kamar tsohuwar talabijin da eriyarta ta karye. Ni in na leƙa, toka kawai nake gani tana motsi. Ita kuwa sai ta ce, "Ga ƙoda, ga kashin baya, ga ɗan banza ya juya mana ƙeya."

Faɗa ne da ita, kada ma in ɓoye. In mace ta kwanta ta fara da, "Yaya, mace ce ko namiji?" sai ta ce, "Ke, bari in ga ko zai yi numfashi tukuna, sannan mu yi maganar riga da wando." In ta kai kan zuciyar jariri, ko rufin asibitin ne ya faɗo ba ta waiwayowa. Za ka ga leɓenta na motsi tana ƙirga. Wata rana da na dame ta da tambaya, ta ɗora yatsa ɗaya a kan ɗaya ta ce mini, "Manyan jijiyoyi biyu ne ke fita daga zuciya. Dole su gitta juna haka. In suka tafi a jere kamar layin dogo, yaron zai fito ja-wur, kowa na murna, kwana biyu ya fara baƙi. In an gani tun yana ciki, sai a haife shi inda za a yi masa aiki nan take. In ba a gani ba, shi ke nan." Yara nawa ta tsamo ta wannan hanyar? Ni dai na daina ƙirgawa. Akwai waɗanda iyayensu ke kawo mata su da kayan makaranta su gaishe ta.

Sai aka kawo sabuwar na'ura. Mutanen kamfani suka zo da takalmansu masu ƙyalli suka ce tana da ƙirƙirarriyar basira, wato ita ma tana duba hoton, tana auna kai da cinya, in ta ga abin da bai yi mata ba sai ta zana jan akwati a wurin. Ni na raɗa mata Malam Na-sani, sunan kuwa ya bi ta. Na zata Yaya za ta yi fushi, a ce ƙarfe zai koya mata aiki. Ina! Ita ce ma ta koya masa. Wata bakwai, kullum in an tashi sai ta ƙara awa ɗaya tana buɗe tsofaffin hotuna da aka goge sunayen masu su, tana nuna masa wannan lafiya, wannan ba lafiya. Na ce, "Yaya, kina horar da wanda zai karɓe miki kujera." Ta ce, "Kujerar me? Ni in na kai mace ta talatin idona yaji yake yi, kafaɗata kamar za ta cire. Shi ba ya gajiya. Bari mu zama biyu." Kuma gaskiyarta. Akwai wata yamma da ya zana akwati a inda ta riga ta wuce, ta koma ta duba, ta tarar da gaskiyarsa. Ta fito ta ce mini, "Yau Malam ya kama ni," ba tare da jin kunya ba.

Abu ɗaya ne da shi: ba ya aiki sai an sa masa lambar kati. Da zarar an sa lamba, hoton ya tafi wurin likita, sunan wanda ya yi aikin ya fito. Doka kuma ta hana ma'aikaci ya duba ɗan'uwansa na jini. In ba a sa lamba ba, na'urar za ta nuna hoto kamar ta da, amma Malam yana barci. Mu kuwa ma'aikatan asibiti, a ko'ina muke, halinmu ɗaya: lokacin hutun rana kowa na shigo da nasa ta bayan fage. Matar ƙani, 'yar maƙwabciya, surukar mai gadi. Minti goma, a goge ciki, a fita. Ni ce mai tsaron ƙofa. Ban taɓa ganin laifin abin ba.

Auta malamar 'yan aji ɗaya ce. Shekara biyar da aure ba ko ɓatan wata, sai ga shi Allah ya kawo. Ranar da cikin ya cika wata biyar ta zo da hutun rana, alli a gefen hannun rigarta. Tana da takardar zuwa hoto a asibitin da take awo, an ba ta rana mako biyu gaba, amma ta ce ba za ta iya jira ba. Na rufe ƙofa na tsaya a waje. Ba a yi minti uku ba na ji ihu, ashe dariya ce. Yaya ta leƙo ta ce, "Zo ki ga hanci! Wallahi hancin marigayi mijina ne, ko a kasuwa na gan shi zan gane."

Na shiga. Ban taɓa ganin hoto ya fito fes irin na ranar ba. Yaron ya juyo da fuska sosai, yatsa a baki, yana tsotsa. Auta na kuka tana dariya. Yaya, wadda ke hana mata magana, ita ce ke ta zuba: ga goshi, ga diddige, ga shi namiji ne ba kunya. Ta gangara kan zuciya ta buɗe mana sauti, muka ji tana bugawa da ƙarfi. Na ga ta fara ƙirga, sai yaron ya yi hamma, Auta ta ce, "Mama, koma, koma ki nuna mini bakin!" Ta koma. Daga nan na jiyo takun shugaban sashe a baranda, na ce su yi sauri. Yaya ta ja na'urar sau ɗaya daga cikin yaron zuwa fuskarsa, ta ɗauki ɗan gajeren bidiyo, ta tura wa Auta a waya.

Auta na gyara zane ta ce, "To waccan ranar da suka ba ni fa, in je?"

Yaya ta ce, "Ki je ki yi me? Ki kwashe yini a layi don wata yarinya da ni na koya wa riƙe na'ura ta gaya miki abin da na gani da idona?"

Ni kuma, da bakin nan nawa da ba ya zama wuri ɗaya, na ce, "Huta abinki, 'yata. Gwanar garin gaba ɗaya ta duba ki." Ni na faɗa, kuma har kabarina zan tafi da ita.

A ƙaramin asibitin unguwarsu ta haihu. Yaro ƙato, ya tsala kuka, kowa ya yi hamdala. Kwana na biyu ya ƙi kama nono. Yaya ta ɗaga shi wajen taga ta dubi leɓensa, ta ce a kawo mota. Aka kai shi babban asibiti, aka sa masa iska, aka yi ta waya ana neman inda za a yi aikin. Bai kai yammacin kwana na uku ba. Likitan yara ya tambaya ko an yi hoton wata biyar. Auta, cikin hawaye, ta ce, "An yi. Mamata ce ma ta yi." Mutumin ya san Yaya, ya sha aiko mata da marasa lafiya. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, akwai wanda ba ya nunawa." Auta ta riƙe wannan maganar da hannu biyu.

A zaman makoki Auta ba ta da aiki sai kallon bidiyon nan. Daƙiƙa tara ne, ya ƙare ta sake. Ina gefen Yaya a kan tabarma, Auta ta jingina da kafaɗar uwarta tana kallo, dole idon Yaya ya sauka a kai. Sau ɗaya, sau biyu. A na uku na ji ta damƙe mini gwiwa har sai da na yi ƙara. Ta tashi ta shiga banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar da ta dawo aiki ta kira ni ciki kafin mu fara. Ashe bidiyon yana nan a cikin na'ura. Ta sa masa lambar gwaji da mutanen kamfani suka bar mata, ta tashi Malam. Ban gama jawo kujera ba jan akwatin ya fito. Ta tsayar da hoton. Ko ni da ba na ganin komai sai toka, na ga layi biyu sun miƙe a jere.

Ta ce, "Ni na koya masa wannan. Sau ɗari huɗu da wani abu na nuna masa irinsa."

Na ce, "Yaya, kwanansa ne ya ƙare."

Ta ce, "Na sani. Amma ni ban duba ba. Hanci na tsaya kallo."

Ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu ta ce in kira lamba ta ɗaya.

Daga ranar ɗakin nan ya rufu ga 'yan bayan fage. Mai gadi ya kawo surukarsa, ta kore su. Wata babbar nas ta kawo 'yarta, ta ce ta je ta yanki kati kamar kowa. Aka yi ta zagin ta a ɗakin shan shayi, wai ta tsufa ta fara ji da kai, wai tsoron kora take yi. Ni da na san dalili sai in haɗiye, in kuwa abin ya ishe ni in zazzage wa mutum tas a kan wani abu daban. Aikinta ya ƙara nauyi. Macen da za a gama da ita a minti ashirin sai ta kai arba'in, ko Malam ya nuna komai lafiya sai ta koma kan zuciya ta sake ƙirgawa. Ta rame. Auta kuwa kullum Asabar tana gidanta, ta yi mata wanki, ta shafa mata magani a kafaɗa, tana ce mata, "Mama, ki daina sa abin nan a ranki, likita ya ce ba ya nunawa."

Sau biyu Yaya ta ce mini za ta gaya mata. Sau biyu na hana. Na ce, "In kin gaya mata yaron zai dawo ne? Yarinyar nan ta samu abin da ta jingina da shi, ki bar ta." Ta ce, "Tana shafa mini kafaɗa, ni kuma ji nake kamar sata nake yi." Na ce ta yi ta jin hakan, ai ita ce babba. Shekara biyu muka yi a haka.

Sai ga Auta wata Laraba da hutun rana, ciki ya fito. Na san da shi, amma ban zaci za ta zo nan ba. Ta gaishe ni ta wuce ciki kai tsaye, ta hau gado ta kwanta. Na bi ta na tsaya a jikin ƙofa.

Yaya ta ce, "Tashi. Ki je wurin antinki ta yanka miki kati. Doguwa za ta duba ki." Doguwa ita ce abokiyar aikinta da ke ɗaki na biyu.

Auta ta yi dariya. "Wace Doguwa? Ni ba mai taɓa mini ciki sai ke."

"Doka ta hana. Kuma ina so na'ura ta duba, likita ya gani."

"To in haka ne na fasa. Wancan ma da aka duba me ya hana? Abin da zai faru zai faru." Ta tashi zaune tana neman takalminta da ƙafa. "Na'urar me, Mama? Abin da idonki bai gani ba, wane ƙarfe ne zai gani?"

Na san Auta, kafiyar uwarta ta ɗauko kaf. In ta ce ta fasa, ta fasa. Na dubi Yaya na girgiza mata kai, ina roƙon ta da ido ta yi mata dabara, ta yi mata ƙarya, ta yi mata komai. Ba ta ko kalle ni ba.

Ta ce, "Ya gani."

Auta ta ce, "Wa?"

"Ƙarfen. Bayan rasuwar na sa masa bidiyon da ke wayarki, nan take ya nuna. Yana nunawa, Auta. Likita rufa mini asiri ya yi. Ranar na fara duba zuciyar ban ƙarasa ba, na koma kallon fuska. Kuma na hana ki zuwa inda za a ƙarasa. Da an gani, da a babban asibiti za ki haihu, a yi masa aiki. Ban ce lallai da ya rayu ba. Amma da an gwada."

Auta ta ciro wayarta ta riƙe, ba ta buɗe ba.

Ta ce, "A cikin wannan?"

"A daƙiƙa ta huɗu."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun zaman makoki."

Na jira ihu, wallahi da ihun ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi magana. "Shi kaɗai gare ni, Mama. Ko hoto ɗaya ba mu ɗauke shi ba, yana cikin wayoyi da robobi. Kullum da safe sai na kalli wannan kafin in fita. Yanzu in na buɗe, me kike so in riƙa gani?"

Auta ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Da kin bar ni yadda nake. Shekara biyu ina barci."

Ta sa takalminta ta fito, ta tsaya a gaban teburina kamar baƙuwa. "Anti, yanka mini kati." Na rubuta na miƙa mata. Ta zauna a benci cikin mata har aka dawo daga hutu, na kira lambarta, ta shiga wurin Doguwa. Yaya ta zo za ta bi ta, Auta ta mayar da ƙofa. Minti arba'in Yaya na tsaye a baranda, mata na kallon ta suna mamaki, ga layinta ya taru. Da Auta ta fito, ni ta duba. "Anti, ki ce mata an ce lafiya lau. Zuciyar ma an duba, na'ura ta duba, likita zai sake dubawa." Uwarta na tsaye taku biyu daga inda take. Ta wuce.

Na yi wa Yaya faɗa ranar, faɗan da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba. Na ce ta sauke kayanta ta ɗora wa mai ciki. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ta kwanta an duba ta ko ba ta kwanta ba?" Na ce ta kwanta. Ta ce, "To." Har yau ban san wace ce mai gaskiya a cikinmu ba, kuma na gaji da tunanin.

Asabar ta zo, Auta ba ta je ba. Ta gaba ma haka. Yaya ta kira, ba a ɗauka ba. 'Yan'uwanta maza suka sa baki, ta ce musu ba ta yi fushi ba, ba ta dai iya kallon fuskarta ne tukuna. Ƙarshen shekarar kafaɗar ta ƙi gaba ɗaya, Yaya ta ajiye aiki. Aka yi mata ɗan taro, shugaban sashe ya yi jawabi, mutanen kamfani suka aiko da takardar yabo a cikin gilashi, wai da taimakonta na'urarsu tana aiki a asibitoci da yawa. Ta karɓa ta yi godiya. A ƙarƙashin teburina ta bar ta, tana nan har yanzu.

Mace Auta ta haifa, a babban asibiti. Mijin ne ya kira ya sanar. Sai da yarinyar ta yi wata biyu ya ce Yaya ta zo, wai ya shawo kan Auta. Na so in raka ta, ta ce a'a. Washegari na je gidanta, na same ta tana ninke kaya da hannu ɗaya.

Na ce, "Yaya, kin ga jikar?"

Ta ce ta gani. Mijin ne ya fito da ita falo ya ɗora mata a cinya, ta riƙe ta kusan minti goma. Yarinya mai nauyi, leɓenta ja, farcenta ja, numfashinta daidai.

Na ce, "Auta fa?"

Ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta. Ta ce, "Ba ta fito ba. Amma na jiyo tarinta daga ɗaki. Da alama mura take yi, na ce wa mijin ya riƙa rufe mata taga."